Bindigarku Ba Ta Cin Tsohuwar Ƙusa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ventarrón, masu ɗura iska a tukunya su sayar wa talakawa, da mataimakansa masu daraja, da duk bawan Allahn da ke buɗe masa wasiƙu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da injinanku, ina roƙon ku ba ni aron kunnenku, in har ƙarar kayanku ta bar muku sauran ji.

Ni ne Eulogio Potosme, kafinta a bayan kasuwa, nan Masatepe. Kujeru masu lilo nake yi, da gadon jarirai, da akwatin gawa idan ta kama. Ban taɓa zama a aji ba, saboda haka matata Otilia ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa. In kun ga magana ta yi laushi, ita ta sassauta. In kun ga ta yi kaifi, gajiya ta yi da gardama ta rubuta yadda na ce.

Ga yadda muka zama abokan hulɗa, ni da ku, ba da son raina ba. Kafaɗata ta dama ta ƙi aiki. 'Yarmu Maritza, wadda ke aikin jinya a San José, can ƙasar maƙwabtanmu, ta zo ta matsa nan ta matsa can, na yi ƙara sau ɗaya tak, shi ke nan ta yanke hukunci. Ta ɗauki gudumar da na gada daga mahaifina ta jefa a jakarta, tsakanin jan baki da maganin ciwon kai, ta ce, "Baba, zaɓi biyu ne. Ko bindigar ƙusa, ko ka biyo ni ka zauna a saman bene kana ƙirga motoci." Na zaɓi bindiga. Guduma kuwa ta haye iyaka, ita da ba ta taɓa wuce bakin tafki ba. Dalilin wannan wasiƙa ke nan: gudumata nake so ta dawo, kuma ku kaɗai ne za ku iya sa a sake ta. Amma tunda na sami ƙofarku a buɗe, bari in sauke dukan kayana.

Na ɗaya, batun zaɓi. Na je shagon da ke sayar da kayanku a Masaya da nufin in ce a ba ni bindiga ɗaya in koma gida. Mai shagon, wani mai gashin baki da fara'a, ya jera mini su a kan tebur kamar ranar kama ɓarayi. Wannan ta rufin gida ce, wannan ta haɗa ginshiƙan katako, wannan ta yadi, wannan kuwa allura take tofarwa. Ya ce, "Don Eulogio, lamba nawa kake so, sha biyar, sha shida, ko sha takwas?" Na ce a ba ni sha takwas, ai namiji ba ya sayen ƙarami. Ya ciro mini wata aba siririya kamar gashin gemun akuya. Wai a wurinku, in lamba ta hau, ƙusa ramewa take yi. Ranka ya daɗe, wane ne ya koya muku ƙirga? Ni da ban yi boko ba na san buhu goma sha takwas ya fi sha biyar nauyi. Ko a gidanku ma yaro ƙanƙancewa yake yi in shekarunsa sun ƙaru?

Ban gama farfaɗowa ba ya juyo da ni wajen tukwanen iska, waɗanda bindigar ba ta harbi sai da su. Akwai mai faɗi kamar kaskon gasa tortiya, wainar masararmu, akwai doguwa mai tayoyi kamar ɗan alade da aka koya wa tafiya. Wata tana shan mai, wata ba ta sha, amma wadda ba ta sha ta fi ihu, kamar dai mutane. Ya yi ta karanto mini yawan iskar da kowace ke hurawa. Na saurare shi da ladabi, sannan na zaɓi mai faɗin, domin ja ce, kuma ta yi kama da tukunyar da Otilia ke dafa miyar tumbi. Otilia ta ce kada in faɗi wannan a gaban manya. Na ce ta rubuta, ai gaskiya ce.

Na biyu, batun tarbiyya. Duk kayan aikin da na sani, sai ka taɓa su suke magana. Zarto ba ya yanka sai da hannu. Tukunyarku kuwa ita ke zaɓar lokacinta. Ranar Alhamis da yamma matan unguwa suna tsakar gidanmu suna jan carbi tare da Otilia, an kai wurin da ake yin shiru, ba wanda ya je kusa da ita, sai kawai ta tashi da ruri. Doña Herminia, mai jagorantar addu'ar, ta watsa kofin kunun masara a ƙirjinta, ta kira sunayen waliyyai uku da wani suna na huɗu da ba na waliyyi ba. Akun gidanmu, wanda ya yi shekaru yana gaishe da Maryamu kowace safiya, ya watsar da addini gaba ɗaya. Yanzu ba abin da yake cewa sai "fsss-tak, fsss-tak". Wa zai ɗauki alhakin ran wannan tsuntsu, ni ko ku?

Na huɗu. Otilia ta ce na uku ne. Rubuta na huɗu, tsohuwa, na ukun na yafe musu. Tukunyarku fitsari take yi. Mai gashin baki ya ce kullum in na tashi daga aiki in durƙusa in kwance mata wani ɗan famfo a ƙasa ta zubar da ruwa, in ba haka ba cikinta zai yi tsatsa. Ita kuma bindiga a ɗiga mata mai a baki kowace safiya. Ni aka ce na tsufa ina bukatar mai taimako, sai ga shi an kawo mini jarirai biyu, ɗaya a shayar, ɗaya a tsarkake. An ceci kafaɗa, an kashe gwiwa.

Otilia ta ajiye biro ta ce ba za ta ci gaba ba sai na faɗi alherinku. To, na faɗa: bayan kujera da nake wuni a kansa, yanzu kafin kofi ya huce na gama, kuma kafaɗar tana barina in yi barci. Ɗauki bironki.

Na biyar, kuma a nan nake so ku gyara zama. Mutanen unguwar nan da kunne suke sanin abin da nake yi. In guduma na tafiya a hankali tana hutawa, kujera ce. In tana yi ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron ta da wani, gadon jariri ne, mata su fara lissafin wace ce. In kuwa ta kama ba tsayawa, akwati ne, domin a zafin garinmu gawa ba ta jiran kafinta ya sha iska. Haka aka sani tun zamanin mahaifina, ba a taɓa bukatar mai shela ba.

Ranar da na fara gwada bindigarku, daɗi ya ɗebe ni, na yi ta harbi a kan wani tsohon katako ba ƙaƙƙautawa. Unguwa ta ji. Unguwa ta yi tunani. Wane ne ya fi kowa tsufa, kuma yake tari tun damina? Nicanor Gaitán, aminina tun muna satar mangwaro, wanda ya riƙe Maritza ranar baftismarta. Kafin rana ta take, an jera kujeru a ƙofar gidansa, an kawo kofi a manyan butoci, an kawo burodi kwando biyu, maza sun fito da karta, Doña Herminia ta sa baƙaƙen kaya ta fara kuka tun daga kwanar layi. Suka shiga suka tarar da mamacin a tsakar gida, fuska duk kumfa, yana aske gemunsa da kansa.

Bai kori kowa ba. Ya sha kofin, ya ci burodin, ya duba waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba. Da la'asar sai ga shi a shagona yana dogara sanda.

Ya ce, "Kai, tsohon banza, kai ka kashe ni da safen nan?"

Na ce, "Ba ni ba ne, kamfani ne."

Ya ce, "Burodin dai ya yi kyau. Amma Chon mai aski kuɗinsa ya fara tambaya kafin ya yi ta'aziyya, na riƙe wannan." Ya zauna a kujerar da ban gama ba, ya yi lilo kaɗan, sannan ya daina dariya. Ya ce, "Eulogio, ina ƙusoshina?"

Ranka ya daɗe, ku mutanen birni ne, sai na yi muku bayani. A shagon nan, duk gadon jaririn da muka yi, ƙusa huɗu masu kai ne ke riƙe kusurwoyinsa. In yaro ya yi wayo ya fara haurowa, uwarsa takan dawo da gadon, mu zare huɗun nan da awartaki, mu miƙar da su a kan dutse, mu shafa musu mai, mu ajiye a 'yar kwalba. Katakon ya tafi wani aiki, ƙusoshin su jira. Ranar da mai su ya gama zamansa a duniya, da su ake rufe murfin akwatinsa. Abin da ya riƙe ka da ka zo, shi zai riƙe ka in za ka koma. Kwalaben suna nan jere a kan katakon rufi, ba rubutu a jikin ko ɗaya, ni na san su. Ta mai unguwa tana kusa da ta mai kwasar shara, ba su taɓa faɗa ba. Akwai na waɗanda suka tafi Miami, akwai na waɗanda yaƙi ya ci ba a kawo gawarsu ba, su ma ina shafa musu mai.

Na hau kan benci na sauko da ta Nicanor, koriya ce, mahaifina ne ya zare ƙusoshin da hannunsa. Ya juya kwalbar a tafinsa ya ce, "Kai za ka buga su. Ba wannan abar mai atishawa ba."

Na ce, "Gudumata tana San José."

Ya ce, "To ka aro mana."

Na ce, "Ka taɓa ganin an rufe ɗan unguwar nan da gudumar aro?"

Ya ce, "Allah ya kiyaye."

Kada ku ce ban ba bindigarku dama ba. Bayan ya tafi na ɗauki wata tsohuwar ƙusa marar mai ita, na lallaɓa na tura mata a baki. Ta shaƙe, ta yi tari, ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai da na kai ta Masaya aka buɗe mata maƙogwaro. Ita sai nata: ƙusoshi a manne da juna a layi kamar 'yan makaranta, duk kamarsu ɗaya, ba kai, ba wuya, ba inda awartaki zai kama. In sun shiga katako sun shiga ke nan, ko kai da ka harba ba ka san inda suke ba. Ina tambayarku da girmamawa, yaron da aka haɗa gadonsa da irin waɗannan, me za a zare a ajiye masa? Iska?

Na kira Maritza a waya na zayyana mata komai. Ta ce, "Baba, na san ka. In na ba ka guduma don ƙusa huɗu, kafin sati ka yi wa coci sabon rufi da ita." Na rantse. Ta ce rantsuwata ta sha ji. Na ce bindigar ba ta cin tsohuwar ƙusa. Ta ce, "Wannan faɗarka ce. In kamfanin da kansa ya rubuto, da hatimi, cewa ba ta iyawa, ni zan kawo maka gudumar da hannuna, in tsaya a kanka ka buga huɗu, in mayar da ita jaka." Kun ji 'yar da na yi wa gado da hannuna. Ta fi yarda da hatimin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Halin uwarta ne. Otilia ta ce halina ne. A bar shi haka.

Saboda haka buƙatata ƙarama ce, ba ta kai girman kamfaninku ba. Layi ɗaya nake roƙo, a kan takarda mai tambarinku, cewa bindigarku, duk da ƙarfinta da darajarta, akwai ƙusa huɗu da ba ta iya bugawa.

Sai dai akwai wani abu da ya faru jiya, kuma tun da muka fara wannan wasiƙa yake yi mini yawo a kai. Nicanor ya tsaya a ƙofar coci bayan an tashi, ya ɗaga sanda a gaban Fada, limamin cocin, da kowa da kowa, ya ce shi ba zai mutu ba sai gudumar Potosme ta dawo garin nan. Ku ba ku san shi ba. Mutumin nan ya daina yi wa ƙanensa magana tun suna samari saboda zakara, har yau in sun haɗu hularsa kawai yake gyarawa. In ya ce ba zai yi abu ba, an gama. Daga cocin gidanmu ya wuto, ya shanye kwano biyu na miyar tumbi, ya nemi ƙari, kuma ban ji ya yi tari ko sau ɗaya ba.

To, Ranka ya daɗe, na sake tunani. Amsar nan ina sonta, amma kada ku wahalar da kanku da gaggawa. Na ji ana cewa ofisoshi irin naku sun ƙware wajen tura takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Ku nuna mana wannan gwaninta. A kai ta wurin mataimaki, ya ce sai shugaba ya dawo daga tafiya. A kafa kwamiti. A nemi in aiko da hoto. In ta faɗa bayan kabad, kada a tsawata wa mai shara. Ni zan ci gaba da durƙusa wa tukunyarku kowace yamma, in shafa wa koriyar kwalba mai, in jira ku da haƙurin da ba ku taɓa gani wurin mai sayen kayanku ba.

Naku mai biyayya, wanda ya cire hula tun daga layin farko bai mayar ba,

Eulogio Potosme, kafinta,
bayan kasuwa, Masatepe.

Wannan baƙin tabon babban yatsansa ne. Ni Otilia na rubuta, kuma na ga adireshinku daidai a jikin kwali, amma ban yi alkawarin na kwafe shi daidai ba.