Ƙwaryar da Jatau Ya Fitar Daga Gida

A Rafin Tsamiya akwai Inna Dudu mai kindirmo, da 'yarta Tabawa, da ɗanta Jatau. Jatau ya kai shekara talatin, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Kindirmon nan ke ciyar da su.

Wata rana Inna ta sauke madara daga wuta, ta ce, "Sai yatsa ya iya jure zafinta za a zuba iri. Zafi kashe shi yake yi." Jatau ya tsoma yatsa nan take, yana hawaye yana jira. Tabawa ta ɗaure masa hannu tana zaginsa.

Wata rana Tabawa, da ta yi makaranta, ta gaya masa irin nan, wato ragowar kindirmon jiya, cike yake da ƙananan halittu masu rai, su ke daskarar da madara. Da masu saye suka zo, Jatau ya tare ƙofa. "Ku ji tsoron Allah, da masu rai a ciki." Ranar ba a yi ciniki ba.

Wata rana Inna ta kwanta ciwo. Ta nuna wa Jatau tsohuwar ƙwaryar iri. "Kullum ka kwashe rabi, ka zuba sabuwar madara." Bayan kwana shida ta rasu.

Tabawa ba ta iya kallon ƙwaryar. "Fitar da ita daga gidan nan, wawa." Ya fitar.

Bayan sadakar arba'in ta karɓo iri a maƙwabta. Kindirmo ya yi, amma ba na Inna ba. Masu saye suka ɗanɗana, suka yi mata gaisuwa, ba su dawo ba.

Wata rana ta tarar da Jatau bayan katanga, tsugune gaban ƙwaryar a gindin tsamiya, yana zuba mata sabuwar madara.

"Ba na ce ka yar ba?"

"Fitar kika ce, Yaya. Inna kuma ba ta ce in daina ba."

Ta lakato da yatsa ta kai baki. Tsamin nan ne, da garɗin nan. Ta zauna a ƙasa, ta tuna duk sunayen da ta kira shi.

"Ɗauko ta, mu shiga."

"Kin ce a waje."

"Na janye, ɗan Inna."

Ya ɗauka da hannu biyu, ya ce wa ƙwaryar, "Ku yi haƙuri, ba ta san kuna nan ba."