Ranar Da Na Kwanta Jinya A Madadin Yaya

Jama'a, ku taya ni murna, na warke daga ciwon da ban taɓa yi ba.

Makon jiya na goya Yaya a babur zuwa asibitin unguwarmu. Yaya tela ne, ciwon sukari ya sauko masa a ƙafa, babban yatsan da yake taka keke da shi ya kumbura ya yi baƙi. Muna isa na ɗauka ɓatan hanya na yi. Bangon da na sani da tsaga ya sha fenti, har da furanni a tukwane. Ashe Mai Girma Uban Lafiyar Talakawa ne zai kawo baƙi daga ƙasashen waje, su ga yadda magani ya wadata, kuma da araha.

Wani mai tumbi, da kati rataye a wuya, ya tare mu. Ya dubi ƙafar Yaya ya yatsina fuska.

"A kai wannan baya, wajen tankin ruwa. Kada baƙi su gani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai don a gani muka kawo ta."

Sai ya ƙare mini kallo. "Kai kuwa kumatunka sun cika. Biyo ni."

Kafin in ce uffan an zura mini rigar majinyata, an kwantar da ni a kan sabon zani mai ƙamshin kanti. A gadon dama mai gadi ne kwance. A na hagu direban motar asibiti, wadda ta daɗe zaune a kan duwatsu babu taya. Ta taga ina hango Yaya cikin rana, shi da masu tari da mata masu goyo.

Mai Girma ya shigo, turarensa ya riga shi sallama. Ya dafa kafaɗata.

"Bawan Allah, yaya jiki?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Kamar ban taɓa ciwo ba."

Ya waiwayi baƙi ya ce, "Kun dai ji da kunnenku!" Aka ɗauki tafi. Na buɗe baki zan ce mai ciwon yana waje, sai mai tumbi ya murɗe mini yatsa ta ƙarƙashin zani. Na ƙwala ihu. Mai Girma ya ce maza a ba ni magani, aka ba ni ƙwaya biyu ana ɗaukar hoto. Na dunƙule su a hannu saboda Yaya.

Ƙurar motocinsu ba ta kwanta ba aka fara naɗe zannuwa. Kwalayen magani, na'urar awo, har furannin, duk aka loda a mota. Na tambayi mai gadi ina za a kai su.

"Asibitin gaba mana. Can baƙin za su bayan sun ci abinci."

Kun ji tattali! Kwali ɗaya ya wadaci asibiti goma. Wanda ya ce zanen aro ba ya rufe katara, bai ga aikin manyanmu ba.

Sai da rana ta karkata wata nas ta samu ta duba Yaya, idonta jawur don takaici. Ta wanke ƙafar da ɗan abin da ya rage mata, ta ce, "Baba, ku wuce babban asibiti yanzu, kada ku biya gida." Muka wuce. Ƙafar ta tsira, yatsan bai tsira ba. Yaya bai yi kuka ba, tambaya ɗaya ya yi wa likita, ko keke zai taku da sauran huɗun.

Ni kuwa an nuna ni a talabijin. Tun ranar maƙwabta ke sintiri da lemo da ayaba, su tsallake Yaya a kan tabarma su zo su ce mini sannu. Mai kanti har faɗa ya yi mini, wai ina ciwo na ɓoye wa unguwa.

Yaya dai ya ce ba ya fushi da kowa. Yana shan maganinsa, yana cin lemona, wai so yake ya murmure ya yi kumatu, ko Allah zai sa in ya koma a ba shi gado.