Nomau da Tushen Magana

A ƙauyen Tsamiyar Kwari an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Gemu ya cika masa fuska, ga ƙarfi kamar na bijimin sa, amma magana in ta shiga kunnensa a miƙe take shiga, ba ta lanƙwasa. Su uku ne a gidan: shi, da mahaifiyarsu Inna Kulu, da yayarsa Lantana, wadda ke shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai ta garin da ke gaba da su. Lantana na rubuta kundin kammala karatu a kan yadda magabata suke adana hatsi a rumbu. Mai duba aikin nata kuwa, Malam Zubairu, ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta.

Wata rana Lantana ta dawo ido ya yi ja, ta ce wa Inna, "Malam ya ce na yi sata a babi na biyu." Nomau yana zaure ya ji. Sai da ta shiga wanka ya zazzage jakarta, ya ɗaga katifa, ya leƙa har cikin tulu. Ta fito ta same shi yana shinshina takalminta. Ya ce, "Yaya, fito da abin mutane tun kafin 'yan sanda su zo." Ta ce, "Kai, satar magana ake nufi! Duk maganar da ba taka ba, dole ka faɗi mai ita." Nomau ya jinjina kai. Washegari maƙwabci ya ce masa ina kwana, ya ce, "Lafiya lau, in ji Inna." Da ya je wurin mahauci aka ce masa naman akuya ne, ya ƙanƙance ido ya ce, "In ji wa? Akuyar ce ta gaya maka?" Da gudu ya baro kasuwa, mahauci na biye da shi.

Wata rana Lantana na zaune ta dafe kai, ta ce, "Wannan shafin ba shi da madogara. In ban samu madogara mai ƙarfi ba, Malam zai yi watsi da shi." Littafi take nufi, wanda za ta kafa hujja da shi. Nomau ya zaga gidan yana gwada abubuwa. Taɓarya ta yi masa gajarta, sandar Inna kuma bai yarda da ita ba. Sai ya hango gwafar da ta tokare rumfar girki, ya ce ai wannan shekara da shekaru ana dogara da ita ba ta taɓa cin amana ba. Ya fizgo ta ya kawo wa yayarsa. Kafin ta buɗe baki suka ji rugugi, rumfa ta kwanta a kan tukunyar miya. Inna ta fito tana salati, Nomau ya ce, "Kin gani ko, Yaya? Abin da Malam yake gudar miki ke nan."

Wata rana kuma ya ji ta tana gaya wa ƙawarta a waya cewa duk abin da aka ɗauko daga yanar gizo sai an faɗi adireshinsa da ranar da aka gan shi. Abin bai kwanta masa ba. Ya ce, "Yaya, abin da ke saƙa tarko don ya kama ƙuda, shi za ki yarda da maganarsa?" Duk da haka ya ɗauki tsintsiya ya bi gida gida yana sharo yana. Matan unguwa suka fara zargin asiri ake haɗa musu, wata ma ta watsa masa ruwan wanke-wanke. Ya dawo jiƙe, ya zube ƙullin yanar a kan takardun Lantana, ya ce, "Wannan daga kusurwar ɗakin Inna, yau Laraba. Wannan daga bayan gidan mai unguwa. Na tambayi masu ita sunayensu, duk sun gudu. Mai gaskiya ba ya gudu."

Ana nan, wata rana, abin ya wuce wasa. Malam Zubairu ya ga wani bayani a kundin Lantana, na yadda ake shafe cikin rumbu da toka da ganyen darbejiya, sai ya tarar da shi kalma da kalma a wani shafi na yanar gizo da sunan wani mutum daban. Lantana ta rantse cewa daga bakin Baba Makau ta ji, wani tsoho na ƙauyensu. Malam ya ce, "Kowa ya kwafa sai ya ƙirƙiro tsoho. Ki ajiye min tushen maganar nan a kan teburina ranar Litinin, ko ki maimaita shekara." Ba ta naɗi muryar tsohon ba, ba ta da shaida. Ta ba Inna labari tana kuka, Nomau na gefe yana saurare.

Ranar Litinin Lantana ta tafi hannu rabbana. Tana tsaye gaban Malam sai suka ji hayaniya a waje. Ga Nomau ya turo baro, ga Baba Makau a ciki da tabarmarsa, yana ta zagi, ga mutanen ƙauye biye da sanduna suna cewa an sace tsoho. Nomau ya sunkuci Baba Makau ya ɗora shi a kan teburin, ya ce, "Malam, ga tushen."

Malam Zubairu ya miƙe zai kira masu gadi, sai idonsa ya faɗa kan kwamfutarsa. A shafin nan akwai hoton wani tsoho tsaye jikin rumbu, ba a sa sunansa ba. Ya dubi hoton, ya dubi na kan tebur. Hula ɗaya, tabon goshi ɗaya. Baba Makau ya leƙa ya ce, "Af, ni ne! Wani mai tabarau ne ya zo ya sha min fura, ya kwashe zancena ya tafi, ko na gode."

Malam ya ce, "Lantana, ba ke kika yi satar ba. Je ki, ki sa shi a ƙarshen kundin, cikin manazarta."

Nomau ya ɗaga kundin ya auna kaurinsa, ya dubi tsohon, ya ce, "Malam, gaskiya ba zai shiga ba. Sai dai ko a cire masa hula."