Yadda Za Ki San Ciwon Baba Ɗalhatu Ba Tare da Kin Ce Masa Sannu Ba

'Yar'uwa, bi matakan nan sau da ƙafa, ni kuma na yi miki alkawarin za ki shekara goma kina buga bayanan marasa lafiya a Dubai, bizarki lafiya lau, bakinki gum. An gwada su a kan Murjanatu, kuma saura ƙiris su yi aiki.

1. Fahimci sana'ar

Likita a Landan ya duba majinyaci, a naɗi hirarsu. Bugawa a can akwai tsada, sai asibitin ya turo muryar wani ofis a unguwar Bur Dubai, inda Murjanatu ke zaune da abin saurare a kunne tana mayar da ita rubutu. An ɗauke ta ne don attajiranmu in ciwo ya ciyo su Turanci guduwa yake, sai Hausa da tafinta. Wato mutum ya ƙetare teku don kada 'yan unguwa su ji, muryarsa ta dawo ta faɗa kunnen 'yar unguwa. Shi ake kira cigaba.

2. Sa hannu

Takardar ɗaukar aiki ta ce in kika furta kalma ɗaya aiki ya tafi, biza ta bi shi. Sauran shafukan kada ki wahalar da idonki.

3. Amince da lamba

Kamfani yana goge suna ya sa lamba, don haka sirri ya tsaru. Sai dai ba ya goge gyaran murya. Wata Talata, mai lamba 4417 ya yi gyaran murya sau biyu ya ce, "Wato likita, ka gane ko?" Nan take Murjanatu ta gane mai muryar. Duk unguwar Deira mutum ɗaya ke magana haka: Baba Ɗalhatu mai kago, wato jigilar kaya, aminin marigayi mahaifinta, wanda ya gaya wa kowa injina ya je gani Landan. Ashe ƙoda ce. Tausayi ya kama ta, ta ƙarasa bugun tana hawaye. Ke kada ki yi kuka, na'urar ta kamfani ce.

4. Danne tarbiyyarki

Nan wahalar take. Tun kina ƙarama aka koya miki ba a sanin mutum ba shi da lafiya a wuce ba a ce "ya jiki" ba. Baturen da ya rubuta takardar bai san da wannan ba. Yi atisaye gaban madubi: "Ina wuni, ya kasuwa?" sai ki cije leɓe. Murjanatu ba ta yarda da leɓenta ba, sai ta yi wata biyu ba ta bi ta layin shagonsa ba.

5. In ya kira ki, shiga ki fita

Ranar Juma'a ya bugo mata waya: "'Yar tawa ta guje ni ne?" Ta hau abra, kwale-kwalen haya, ta ƙetara ruwa zuwa Deira. Ta same shi tsakiyar kwalaye ya baje kilishi, alhali da yatsunta ta buga cewa likita ya hana shi gishiri da jan nama.

"Yalla, maza zauna. Jiya ya sauka daga Kano."

Ta naɗe kilishin ta cusa a jaka. "Baba, ni zan ci wannan."

"Duka?"

"Duka."

Ya yi dariya, suka taɓa hira, komai daidai. Sai a bakin ƙofa bakinta ya suɓuce: "To Baba, Allah ya ƙara sauƙi."

6. In baki ya suɓuce, ki... to, ban tanadi wannan matakin ba

 Dattijon ya san aikin da take yi, ita kuma ta san waya ɗaya zuwa asibitin ta isa ta sa ta haɗa akwati.

"Ke kika buga?"

"Ni ban ce komai ba, Baba."

"Khalas, shi ke nan. Ni ma ban ji komai ba." Ya matso kusa da ita. "Wata biyar ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, ko mutum ɗaya bai gaishe ni ba. Tunda ban ji ba, sake faɗa."

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi," ya ce. Ya juya yana gyara wani kwali da ke zaune daidai.

Hattara: mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba lauya ba ne. In kika kauce wa matakan aka kore ki, babu ruwana. In kuma kika bi su tsaf har dattijo ya gama jinyarsa ba ki ce masa sannu ba, wannan tsakaninki da Allah ne.