Kunun Kanwa a Zauren Modibbo

Ko zan manta komai na samartakata, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida mahaifin budurwata a Yola a kan kekena, aka dawo da ni a bayan keken wani, gemuna duk kunu.

Lokacin ina ƙaramin akawu a ofishin gona a Jimeta, ba a daɗe da yin Jihar Arewa maso Gabas ba. Ina neman auren Dija, 'yar wani Modibbo na cikin tsohon gari, malami marar yawan magana, wanda har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Matsalata guda ce, tumbi. Dangin Dija kaf sirara ne kamar sandar kiwo, ni kuwa cikina ke riga ni shiga zaure. Ƙannenta har sun sa mini suna Tulu (ba a gabana ba, amma tsakanin Yola da Jimeta magana ba ta ɓata a hanya).

Sai Allah ya haɗa ni da Bukar, wani Babarbare da aka turo ofishinmu daga Maiduguri. Ya taɓa zuwa kwas Ingila, kuma ba ya bari ka manta. Shi ya ce mini Turawa sun gano maganin ƙiba: a bar tuwo, a bar shinkafa da rogo da fura, a ci nama da ƙwai da kifi da man shanu. "Kitse ne yake cinye kitse," in ji shi. Ni da na ji an ce magani nama ne, ban tsaya neman ƙarin bayani ba.

Da farko abin ya yi daɗi, wando ya fara sakina. Sai na lura fitsari ya yi mini yawa, tsoro ya kama ni, na ce shi ke nan ƙodata ta fara lalacewa. Maimakon in je asibiti, sai na naɗa kaina likita. Na rage shan ruwa don ƙoda ta huta. Na daina gishiri gaba ɗaya, don na taɓa ji an ce yana cutar da ita. Sannan kullum da yamma in je wajen mai tsire in ce ƙoda zalla, a lissafina in ta shiga ciki za ta taimaki 'yar'uwarta. (Ku yi dariyarku, da takardar sakandare a aljihuna na yi wannan lissafin.) Jiri da ciwon kai suka zama abokaina, bakina kuma ya ɗauki wani irin wari da ya sa in na fara magana a ofis sai a tashi a buɗe taga.

Ranar gaisuwa ta faɗo cikin bazara, kuma kowa ya san zafin Yola ba ya wasa. Muka tuƙa kekuna ni da Bukar tun daga Jimeta, gumi ya jiƙa babbar rigata sharkaf. Muka tarar da Modibbo a kan buzunsa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai. Gaisuwar Fulani ba ta ƙarewa da wuri, aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi zafi, aka koma kan gida.

Can ya ce, "To, madalla. A gaida mutanen Jimeta."

Bukar ya miƙe. Ni ma na ba ƙafafuna umarni, suka ƙi. Naman sharaɓata ya dunƙule kamar an ƙulla dutse a ciki, dama da hagu. Na ci gaba da durƙuso ina murmushin azaba. Modibbo ya ɗauka ladabi ne, ya ƙara sa mini albarka, ya sake cewa a gaida gida. Na yunƙura da ƙarfi, zauren ya juya, na kife gefe guda, ƙafata ta yi fatali da butar alwalarsa.

Bukar, maci amana, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba aljanu ba ne. Ya daɗe rabonsa da tuwo da gishiri."

Goggon Dija ce ta leƙo da ta ji ƙarar buta. Ta dube ni a ƙasa ta ce, "Ba gishiri? Ɗana, ko saniya ana ba ta kanwa." Ta koma ciki ta fito da ƙwaryar kunun kanwa da ruwan randa.

Wanda bai san Fulani ba, ba zai gane girman abin da ya biyo baya ba. Mai neman aure ko ruwa ba ya sha a gaban suruki, gara ƙishirwa ta kashe shi. Niyyata in taɓa da leɓe in ajiye. Amma da ɗumin geron nan ya sauka a maƙogwarona, sai kunya ta yi nata wuri. Na kafa kai ban ɗago ba sai da na ga gindin ƙwarya, har na bi da yatsa. Modibbo ya juya fuskarsa bango yana jan carbi, wai don ya rufa mini asiri.

Goggo ta ce, "A ƙaro?"

Da kunnena na ji bakina ya ce, "In akwai."

Washegari na je asibiti, likita ya wanke ni tas. Ya ce wanda ya bar tuwo, ƙodarsa kan zubar da ruwa da gishirin jiki, don haka ƙari yake buƙata, ni kuwa na bi na toshe duka biyun na ɗora nama a kai. Ya ce Allah ne ya tsare ƙodar da nake ta yi wa gata.

Na kwanta a ɗaki ina jiran a aiko mini cewa in haƙura da Dija. Saƙon Modibbo ya iso ta bakin baffana: a matso da ɗaurin aure, yaron nan ba shi da mai dafa masa abinci, kada ya mutu a hannunsu.

Na so a ba ni mata don kwarjini, aka ba ni don tausayi, kuma na karɓa hannu biyu. Abin da na koya shi ne, in za ka yi faɗa da tuwo, ka bar gishiri da ruwa a gefenka, kuma ka bari sai an shafa fatiha.