Ranar da Jirgin Yauri Ya Bar Baƙuwa

Na haddace karin maganar Turanci, na ɗauka da su ake amsa tambaya, yadda tsofaffinmu ke yi. Sai ga wata 'yar bautar ƙasa a bakin ruwan Warra, ba ta jin Hausa, tana neman jirgin Yauri. Masunta suka ce, "Ku kira ɗan boko!"

Na gyara wuyan riga, na sakar mata guda kan haƙuri. Ta nuna min agogo. Na ƙara mata wani kan darajar lokaci, har da sharhi.

Baba Ɗanjuma, wani dattijo cikin masuntan, ya ce, "Kai, yaron nan ya sha boko!"

Ashe jirgin yana bayana. Ya tashi, dole ta kwana a ɗakin Inna. Har yau masunta na ce min, "Farfesa, bari mu shiga jirgi tukuna!"