Ranar da Aka Yi Mini Addu'ar Arba'in Ina Raye

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na buɗe sana'ar shito ba, ko da na so mantawa mutanen Nima ba za su bar ni ba.

Shekara bakwai na yi ina jiran shagon atamfa na uwar ɗakina, Hajiya Lantana, a unguwar Tudu cikin Accra. Ranar da muka saɓa na ɗauki jakata na ce mata, "Hajiya, wata uku kawai, za ki ji sunana a ko'ina." (Bakina ya fi ƙarfina, na sani.) Na koma ɗakina na haya a Nima na kama soya shito, yajin nan namu mai busasshen kifi da ake ci da wace, wato shinkafa da wake, da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami. Hannuna yana da daɗi, wannan ba yabon kai ba ne. Amma wata biyu suka wuce kwalabe na jere a ƙarƙashin gado, ba mai saye sai matar mai gida. In wata na uku ya cika a haka, ba makawa sai na koma Tudu na durƙusa, kuma na gwammace komai a kan wannan.

Sai na yanke shawarar yin talla ta zamani. Na tafi unguwar Circle wurin wani mai buga fosta, na kai masa hotona da farin mayafi, na ɗaga ido sama kaɗan, don a ga mace mai tsafta da tsoron Allah. Ya ce, "Madam, bar mini, aikina ne kullum." Ban tambaye shi wane aiki yake yi kullum ba. Ya sa fuskata ta cika takarda, gajimare a baya, furanni a gefe, sunana da manyan baƙaƙe, sai rana da ƙarfe goma da kwatancen gida. Kwalbar shiton kuwa tana can ƙasa a kusurwa, ba ta fi ƙwayar goro ba. Lambar waya ma na manta ban ba shi ba. Na kalli fostar na ji kaina ya yi girma.

Na bi bango ina mannawa, Nima, Maamobi, har Sabon Zongo. Duk inda na ga fostoci da yawa nan nake sa tawa, wai nan ne idon jama'a yake. Wanda ya san Accra ya san fostocin da suka fi yawa a bango: sanarwar rasuwa da addu'ar arba'in. A satin Hajiya ta kira ni har sau tara, na ƙi ɗagawa. Na ce ta ga fosta, hassada ta motsa.

Ranar Asabar na sa aka kafa rumfa da kujeru a ƙofar gida. Mutanen gidanmu duk sun tafi biki Ashaiman tun asuba, abin da ya ɓata mini rai. Na yafa farin mayafin nan na cikin hoto, na tafi kasuwa sayo dokunun da za a ɗanɗana shiton da shi.

Da tasi ta sauke ni na ga rumfa ta cika maƙil, har wasu na tsaye. Zuciyata ta yi fari. Na ce lallai talla gaskiya ce. Na ɗan lura kowa ya sunkuyar da kai, ba mai hira, amma na ɗauka yunwa ce. Na matso da kwandona a ka, sai na ji muryar wani malami: "Allah Ya jiƙan baiwarSa Rabi, Ya haskaka kabarinta." Jama'a suka ce amin. (Ni ma na ce amin, kafin na tuna sunana.)

A layin gaba ga Hajiya Lantana, idanu sun kumbura, tana faɗa wa na kusa da ita, "An kai shi Kumasi an binne, ko a gaya mini. Na yafe masa, wallahi na yafe." Haka Hausarmu ta zango take, mace ma "shi" ce.

Na ce, "Salamu alaikum."

Ba wanda ya amsa. Wata tsohuwa ta bi ta ƙarƙashin rumfa ta bar takalminta. Malam ya riƙe carbi da hannu biyu. Na tsaya da farin mayafi kamar an ciro ni daga bango, kunya ta rufe ni har na ji da ma ƙasa ta tsage. Hajiya ta taso a hankali, ta tsunkule ni a hannu da ƙarfi, ta ce, "Rabi, ba ka mutu ba?"

"Hajiya, shito nake sayarwa."

Ta rungume ni tana kuka, sannan ta dungure mini kai. Dariya ta ɓarke har masu gudu suka dawo. Malam ya ce tunda an taru, kuma mamaciya ta kawo sadakarta da kanta, a zuba. Na zuba wa kowa dokunu da shito. Aka yi shiru na biyu, amma wannan na cin abinci ne. Kafin azahar ƙarƙashin gadona ya zama wayam, har wadda ta bar takalmi ta tafi da kwalba biyu.

Yau daga Tudu har Madina ta Accra in ka ce "shiton marigayiya" an san inda za a nuna maka. Na yi fushi da sunan sati guda, daga baya na sa aka buga shi a jikin kwalba. Hajiya ta ware mini kanta guda a shagonta, kuma duk wadda ta zo sayen atamfa sai ta ji labarin daga bakinta, da ƙari.

Abin da na koya: in za ka yi talla, kayanka za ka girmama, fuskarka ta koma kusurwa, ka kuma sa lambar waya. Sannan in uwar ɗakinka ta kira ka sau tara, ka ɗaga, wataƙila so take ta ji ko kana da rai.